Gidan da Ba Rufi a Hanyar Danja

A farkon shekarun tamanin aka tura ni koyarwa wata firamare a Funtua. Ban daɗe da aure ba, maigidana kuma yana aiki a injin gurzar auduga. Muka kama hayar ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da kwanuka a kasuwa, wadda kowa ke kira Iya. A ɗakunan da ke kallon namu akwai iyalin wani Ibo mai shagon kayan gyaran babur. Babbar 'yarsa a Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa, ta gama sakandare tana zaune gida tana jiran sakamako. Sai kuma yayata, wadda mijinta ya rasu a Malumfashi. Da ta fita takaba na roƙe ta ta dawo wurina, ta zo tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana sayarwa daga cikin gida.

'Yar Ibon nan ce ta kawo littafin. A tashar mota ta saya, wurin mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Na Turanci ne, mai kauri, a bangonsa hoton wata mace cikin fararen kaya, bayanta inuwar mutum mai ƙaho. Ta karance shi tas, sannan ta kasa ajiye shi a ɗakinsu, don babanta dattijon coci ne, ita kanta kuma ta ce ba ta son ganinsa kusa da gadonta.

"Malama, ki riƙe mini," ta ce. "In kina so ki karanta. Amma kar ki ce ban faɗa miki ba."

Ban yi nisa da karatun ba Yaya ta lura da ni. Ta ce, "Me ke cikin takardar nan kike ta zare ido?" Na ɗan ba ta labarin farkon. Washegari bayan la'asar ta baza gyaɗar da za ta ɓare a tsakar gida, ta ce in ɗauko littafin in ci gaba. Haka abin ya zama al'ada. Ina karanta shafi a zuci, in juya musu shi da Hausa, su kuwa hannuwansu na cikin gyaɗa. Wuraren da soyayyar ta wuce abin da baki zai iya faɗa a gaban Iya, sai in ce, "Suka yi hira," 'yar Ibon ta sunkuyar da kai tana dariya.

Labarin wata marainiya ce ma'aikaciyar asibiti a wata ƙasa mai sanyi. Ta haɗu da wani mutum mai dukiya, mai ladabi, wanda ba ya ɗaga murya ko da an ɓata masa rai. A lokacin kuma 'yan mata na ɓacewa a garin, sai a tsinci gawarsu a daji da wata alama da aka tsaga musu a tafin hannu. Marubucin bai ɓoye mana ba: mutumin yana cikin wata ƙungiyar asiri masu bautar Shaiɗan, suna taruwa a wani tsohon gida bayan gari, kuma dokarsu kowa sai ya kawo wanda ya fi so a duniya. Yarinyar ce kaɗai ba ta sani ba.

Ranar da na karanta yadda aka kashe ta farko cikin 'yan matan, Iya ta tofa yawu gefe ta ce, "A'uzu billahi. Malama, rufe wannan abu, ba na gidan Musulmi ba ne." Na rufe. Suka ci gaba da ɓare gyaɗa. Can ta jawo kujerarta kusa da ni ta ce, "To uwar yarinyar fa, an gaya mata?" Tun daga nan kullum sai ta la'anci littafin, kullum kuma ita ke fara zama.

Yaya kuwa goyon bayan mutumin littafin take yi. Duk abin da ya yi sai ta nema masa uzuri. "Tilasta shi aka yi," take cewa. "Ba ku ga yadda ya cire rigarsa ya lulluɓe ta cikin ruwan sama ba? Wanda zai yanka ki ba ya damuwa da ko kin jiƙe." 'Yar Ibon, da ta san ƙarshen, fuskokinmu kawai take kallo, wani lokaci ta taɓa ɗan gicciyen da ke wuyanta.

A cikin kakar shekarar nan ne wani mutum ya fara zuwa wurin Yaya. Mai sayen hatsi ne, yana da a-kori-kura, yana bin kasuwannin Dandume da Kafur yana sayen masara yana kaiwa kudu. Man gyaɗa ya fara zuwa saye, daga baya ya aiko yana son magana. Ba yaro ba ne, ya fara furfura a gemu. Fararen kaya yake sawa kullum, kuma duk da yinin da yake yi cikin buhuna ban taɓa ganin datti a jikinsu ba. Hausarsa ba ta Katsina ba ce, ba ta Zariya ba, ba ta Kano ba. In an tambaye shi garinsu sai ya yi murmushi ya ce, "Can gabas." Maigidana ya bincika. Aka ce yana salla cikin jama'a, ba ya faɗa da kowa, ba wanda ya taɓa kuka da shi a ciniki. Amma ba wanda ya san danginsa, ko inda yake kwana in ya bar Funtua.

Yaya ta canza. Ta koma sa lalle, tana waƙa a bakin murhu. Na yi murna, don tun rasuwar mijinta ban ji dariyarta daga ciki ba.

Iya ce ta fara kwatanta shi da mutumin littafin. Muna tsakiyar karatu wata rana ta dubi Yaya ta ce, "Wannan baƙon naki, shi ma ba ya ɗaga murya." Muka yi dariya gaba ɗaya, har Yaya. Amma dariyar ba ta daɗe ba.

Ba a jima ba mai hatsin ya ce ya sayi gona a hanyar Danja, yana gini a ciki, yana son Yaya ta je ta gani kafin a yi rufi, ta nuna inda take son madafa. A littafin kuwa mun tsaya daidai inda mutumin ya ce wa marainiyar ta shirya, zai kai ta ganin gidan kakanninsa. Yaya ta same ni a ɗaki ta ce, "Ba wai ina jin tsoro ba ne. Amma ki raka ni." Maigidana ya ce ba laifi, mu dawo kafin azahar.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi, mu biyu a gaba kusa da shi. Muka bar kwalta muka shiga wani burtali tsakanin gonakin auduga da aka gama tsincewa, sai karare tsaye. Muka wuce ƙauye na ƙarshe, muka wuce wata rugar Fulani da aka tashi, muka ci gaba. Shi yana tuƙi a hankali, yana nuna mana inda za a yi rake, inda fadama take.

Gidan yana tsakiyar fili, ginin bulo, bango ya kai ƙarshe, ba rufi. Da ya kashe mota sai shiru ya rufe mu. Ba kukan kaza, ba muryar yaro, ba ko tsuntsu. A gindin wata tsamiya wasu maza na zaune. Da suka gan shi suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Na yi musu sallama, ba wanda ya amsa, sai ɗaya ya ɗan motsa leɓe. A bayan gidan an ɗaure bunsuraye a turaku, dukansu baƙaƙe, suna tsaye suna kallonmu ba sa ko cin harawar da ke gabansu.

Ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki. Rana na dukan kanmu ta sama. Yaya tana amsa masa da "to" da "madalla," amma ta riƙe gefen mayafina. A ƙarshe muka zo wani ɗaki a tsakiyar ginin. Shi kaɗai aka yi wa daɓen siminti, sumul, shi kaɗai kuma ba shi da taga ko ɗaya. A ƙasan bango an bar wata 'yar kafa kamar ta fitar ruwa.

"Wannan fa na mene ne, Alhaji?" Yaya ta tambaya.

"Na ajiya ne," ya ce. Yana tsaye a bakin ƙofa, mu muna ciki. Sai ya juyo gare ni, da muryar nan tasa mai laushi. "Malama, na ji kina karanta musu littafi. Kun kai inda ya kai ta gidan?"

Ban san me na ce ba. Ina jin na ce eh.

"Ku ƙarasa shi," ya ce. "Ba kyau a bar labari a tsakiya."

Ya ɗan tsaya yana dubanmu, sannan ya matsa ya ba mu hanya. Muka fito, muka shiga mota, ya mayar da mu Funtua kafin a kira azahar. A hanya har ya tsaya ya saya mana rake. Da ya sauke mu ya ce a gai da Iya.

Muna shiga gida Yaya ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, ke kika ba shi labarin littafin?" Ta rantse da Allah ba ta taɓa ba, kunyar ma ta faɗa masa tana sauraron irin wannan take ji. 'Yar Ibon ta ce wataƙila mai littattafan tasha ne ya gaya masa, ko kuma shi ma ya taɓa karantawa. Yaya ta ce da bakinsa ya faɗa mata bai yi boko ba. Maigidana da ya dawo ya ji, ya yi mana dariya. Ya ce kowane mai hatsi yana gina sito ba taga saboda ɓeraye da ɓarayi, bunsuraye kuma kudu ake kai su lokacin Kirsimeti, mutanen gindin tsamiya kuwa 'yan ci-rani ne daga arewa mai nisa da ba su jin Hausa sosai. Batun littafi kuwa, ya ce ai muryata har zaure ake jin ta. Duk abin da ya faɗa daidai ne, ban iya musa ko ɗaya ba. Amma ba shi ne ya tsaya cikin ɗakin nan ba.

Yaya ta aika aka ba mutumin haƙuri. Bai yi musu ba, bai aiko kowa biko ba. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Bayan haka ba mu sake ganin motarsa a Funtua ba, 'yan kasuwar hatsi ma suka ce ya daina zuwa.

Na so in mayar da littafin, Yaya ta ce a'a, sai ta ji ƙarshe. Muka ƙarasa. A ƙarshen marainiyar ta gane, ta ɓoye wuƙa a cikin rigarta, ta soke shi a ƙofar gidan kafin su shiga, ya mutu a cinyarta tana kuka. Iya ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta tafi alwala. Yaya ta daɗe tana juya gyaɗa a hannu, sannan ta ce, "Ai da ta fara tambayarsa. Wa ya sani ko fitar da ita zai yi ta ƙofar baya?"

'Yar Ibon ta karɓi abinta ta ba wata ƙawarta mai koyon aikin jinya a Malumfashi. Daga nan ban san hannun da ya faɗa ba. Yaya ta auri wani tela a Kafur, ta haifi yara, ta tsufa lafiya. Har ta rasu ba ta tsaya kan magana ɗaya ba. Wani lokaci ta ce littafin nan ya raba ta da mijin kirki, wani lokaci ta ce Allah ne ya turo shi ya tsare mata rai.

Bayan wasu shekaru na shiga bas daga Malumfashi zan koma Funtua. Wata mata a kujerar bayana tana ba maƙwabciyarta labari. Ta ce a hanyar Danja akwai wani kango da ba a rufe ba har yau, na wani mai farin kaya ne ɗan ƙungiyar asiri. Ta ce ya yaudari wata bazawara mai ƙuli-ƙuli, ya kai ta can ita da ƙanwarta malamar makaranta, ba a sake ganinsu da rai ba. An tsinci gawarsu a gonar auduga da alama a tafin hannu. Ta ce ƙanwar mijinta ta san gidan da suke haya, gidan wata Bayarabiya mai kwanuka.

Ɗayar ta ce, "Allah ya ji ƙansu." Mutanen motar suka amsa da amin.

Na juya na dubi mai ba da labarin. Ban taɓa ganinta ba, ita ma ba ta san ni ba. Ta ce, "Baiwar Allah, ko kin san su ne?"

Na ce na taɓa jin labarin. Na gyara zama, na duba tafin hannuna a kan cinya, na rufe shi da mayafi har muka shiga Funtua.