Kunyar 'Yar Fari

Har yau ban iya kiran sunan 'yata ta fari a gaban manya ba, ga shi kuwa ta kai sakandare. Haka na taso na tarar a Getso. Matata ma haka ta tarar a Dugabau, sai dai nasu ya fi namu tsanani, don su asalinsu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya tafi tun zamanin kakanni, shanu kaɗan da kunya mai yawa suka rage. A gidansu mace ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta amsawa in an ce "ɗanki". In aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga na biyu take fara lissafi.

Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo, ban daɗe da gama jami'a ba. Harkar mulki na karanta, kuma abin da na fito da shi, in na faɗi gaskiya, tsoro ne. Na karanta tsare-tsare masu yawa da aka fara da ganga aka bar su a hanya. Saboda haka da rediyo ta riƙa cewa ƙasar nan ta ɗaura niyyar kawar da shan inna baki ɗaya, kada ya rage ko a gida ɗaya, ban ƙaryata ba, amma ban gaskata ba. Ban shiga cikin masu rufe ƙofa in masu ɗigon rigakafi sun zo ba. Ni tawa shakkar daban ce: ina ganin gwamnatin da famfon unguwarmu ya gagare ta gyarawa, da wuya ta iya bin kowane yaro har ɗakin uwarsa. Wataƙila ban yi mata adalci ba, amma haka nake gani a lokacin.

Da yarinyar ta isa yaye, surukata, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta zo ta ɗauke ta kamar yadda aka saba. Aka ce in ta manta nono za a dawo da ita. Ta manta nono, Gwaggo ba ta manta da ita ba. Muka sami na biyu, namiji, maganar dawowa ta bi ruwa. Ni kuma ba ni da bakin da zan tambayi surukata yaushe za ta ba ni 'yata.

Masu rigakafi suna zuwa gidanmu a Getso a kai a kai, mata biyu da akwatin ƙanƙara. Su yi sallama su ce, "Amarya, yaranki nawa 'yan ƙasa da shekara biyar?" Matata ta ce ɗaya. Su ɗiga wa jaririn a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi zane da alli a jikin ƙofa su wuce. Ba ƙarya ta yi ba a ganinta, don ba ta san yadda za ta buɗe baki ta ce tana da wata ba.

A can Dugabau kuwa, Gwaggo da sassafe take goya yarinyar ta fita tallan nono, sai rana ta take su dawo. Masu rigakafin can, waɗanda ke zuwa daga ɓangaren Kabo, sukan tarar da matan gida, kowace ta fito da nata. Gwaggo ta ɗauka ai yarinyar Getso ce, can ake ba ta in sun zo ganin gida. Mu kuma mun ɗauka ana ba ta a can.

Abin ya taɓa zuwa mini a rai. Duk lokacin da na je gaishe su, nakan saci kallon yatsun yarinyar ko zan ga tawada. Amma Gwaggo ba ta barin hannunta babu lalle, yatsun duk sun yi jajawur har sun koma baƙi, ba ka iya bambance komai. Na sha shirya tambayar a hanya, ina bisa babur ina gyara kalmomi. In na durƙusa a gabanta sai mu yi ta gaisuwa, mu gaida shanu, mu gaida damina, in tashi ban tambaya ba.

Wata ranar Talata, ƙarshen damina, ƙanin matata ya kira ni ina cikin aji. Ya ce, "Malam, ta wajen Gwaggo ce ba lafiya. Zazzaɓin ya sauka, amma ƙafa ɗaya ta ƙi taka ƙasa." Ban san yadda na gama darasin ba. Na koma gida na ɗauki matata da jaririn muka kama hanya. Hanyar ta yi laka, sau biyu tana sauka ina tura babur. Ni dai abin da ke gabana shi ne wani abokin karatuna na firamare wanda ke zuwa makaranta da hannuwa, takalman roba a tafukansa.

Mun tarar da ita a kan tabarma. In an tsayar da ita sai ƙafar hagu ta lanƙwashe kamar tsumma. Muka kai ta ƙaramin asibitin mazaɓa. Ma'aikacin ya duba, ya ce doka ce duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya a sanar da ƙaramar hukuma, kuma a gabanmu ya buga waya. Na ce a raina, to, an sanar, sai kuma wata shekarar.

Washegari da hantsi sai ga mai unguwa ya yi sallama, tare da wani jami'in lafiya daga Kabo, dattijo mai furfura a gemu, wandonsa duk laka har gwiwa, da wata ma'aikaciyar jinya riƙe da akwatin ƙanƙara. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Surukina yana zaune, yayyen matata biyu suna zaune, ni ina can gefe kusa da turken awaki inda ya dace suruki ya zauna. Matata tana bayan zana.

Jami'in ya gaisa da kowa a tsanake, ya durƙusa ya lallatsa ƙafar yarinyar, ya sa ta ta tura hannunsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Wane ne mahaifinta?"

Surukina ya sa ido a kan takalmansa. Ni kuma na sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ce, "Ni ce uwarta, ni ce ubanta. Tambaye ni."

Jami'in ya yi dariya. "Haba Gwaggo, ke da kike kishi da ita? In na bar ta a hannunki ai sai ki ce ta warke don ta tashi ta yi miki daka."

"Wannan? Ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba, sai cin fura."

Aka ɗan yi dariya, shi kuma ya gyara zama. Ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ni ma ɗan ƙasar nan ne, nawa ɗan farin har ya yi aure ban kira sunansa ba. Amma yau dole in san inda aka haife ta da inda take kwana, da wanda zan nema in sakamako ya fito. In shan inna ce, ba ita kaɗai ba ce a cikin hatsari."

Na ce, "Ni ne." Muryar da ta fito ba irin wadda nake koyarwa da ita ba ce. Ban kalli kowa ba.

"Madalla, Malam. Tun da aka yaye ta, an ɗiga mata?"

Gwaggo ta ce, "Ai can Getso ake ba ta."

Na buɗe baki ke nan sai muka ji murya daga bayan zana. "Ba a ba ta a Getso. In sun tambaye ni, ɗaya nake cewa." Sai ga matata ta fito, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ta ratsa gaban mahaifinta da yayyenta, ta zauna a tabarma, ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya. Ta ce, "Tawa ce. A rubuta." Yarinyar ma kallonta take yi, don ba ta saba ba. Gwaggo ta juya baya tana gyara murfin ƙwarya wanda ba abin da ya same shi.

Na jira faɗa, ban ji ba. Jami'in ya ce irin wannan ba a kanmu aka fara ba, kuma su ma da laifinsu, tunda tambayar da suke yi ba kowane yaro take kamowa ba. Ya tambaya ko an yi mata allura lokacin zazzaɓin. Gwaggo ta ce wani mai kyamis ya yi mata a ɗuwawu, ɓangaren hagu. Ya jinjina kai ya ce wani lokaci allura kan taɓa jijiya ta kawo irin wannan, amma ba zai ce komai ba sai an gwada. Za su ɗauki bayan gidanta yau, su dawo gobe su ƙara ɗauka, a sa a ƙanƙara a kai wani ɗakin gwaji mai nisa, a wata jihar. Sakamako sai bayan makonni.

Na tambaye shi, cikin dabara don kada ya ji haushi, ko da gaske ƙanƙarar za ta kai har can ba ta narke ba. Ya ce, "Malam, in ta narke za su dawo mana da shi, mu sake zuwa mu dame ku. Shi ya sa ba ma bari ta narke."

Sun dawo washegarin kamar yadda ya ce. A cikin makon kuma masu ɗigo suka bi Dugabau gida gida, har da rugagen bayan gari, wasu kuma suka bi unguwarmu a Getso, duk da cewa ƙaramar hukumar ba ɗaya ba ce. Maƙwabciyarmu ta ba matata labari daga baya cewa tambayarsu ta sauya. Yanzu cewa suke, "Yara nawa suka kwana a gidan nan, har da na yaye, har da baƙi? Akwai wanda ke wurin kaka?" Ba zan ce saboda mu aka sauya ba. Mai yiwuwa an daɗe da shirya hakan, mu dai a lokacin muka lura.

Makonnin jiran nan ba na son tuna su. Matata ta zauna a Dugabau, tana gasa ƙafar da ruwan ɗumi safe da yamma yadda aka nuna mata a asibiti. Ni ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. In waya ta yi ƙara a aljihuna sai in zaro ta da sauri, ko sakamakon ne. Na riƙa lissafa duk wuraren da abin zai iya lalacewa: a manta da akwatin a tasha, mota ta mutu a hanya, wuta ta ɗauke a ɗakin gwajin, a haɗa namu da na wasu. Duk waɗannan suna faruwa a ƙasar nan, na sani, kuma ban daina sani ba. Abin da ban taɓa lissafawa ba shi ne yawan mutanen da ke tsakanin tsakar gidan Gwaggo da wancan ɗakin gwaji, direba da mai ajiya da mai dubawa, waɗanda ba su san ni ba, ba su san yarinyar ba, kuma kowannensu sai ya yi nasa daidai kafin amsa ta dawo. Har yanzu ina yi musu addu'a, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Da sakamako ya fito, jami'in ba waya ya bugo ba. Da kansa ya zo, ana tsakiyar yankan gero, ya same mu da la'asar. Tun daga bakin zaure ya ɗaga murya, "Gwaggo, kishiyarki ta tsira, ba shan inna ba ce! Sai ki nemi wata dabarar." Gwaggo ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Ni na zauna a ƙasa. Surukina ya yi ta maimaita alhamdu lillahi, sannan ya sa aka kamo zakara aka ɗaure wa jami'in a bayan babur, yana ƙi ana ƙara ɗaurewa.

Jami'in ya ce allurar ce ta taɓa jijiya, kuma yana sa ran za ta saki a hankali, amma kada a daina gashi. Na tambaye shi ko za ta koma daidai gaba ɗaya. Ya ce shi ba zai yi mini alkawarin abin da ke hannun Allah ba, zai dai dawo ya duba ta. Ya kuwa dawo.

Ba na son in faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Famfon unguwarmu bai gyaru ba, kuma akwai manyan alkawura da nake ji a rediyo yanzu waɗanda nake yi wa irin kallon da na yi wa wancan. Amma in ɗalibaina suka ce ƙasar nan ba ta iya komai ba, nakan ce su dakata, ni na ga ranar da ta sa niyya, ta biyo laka har tsakar gida saboda ƙafar yarinya ɗaya.

Ƙafar ta ɗauki lokaci. Da fari da bango take bi, daga baya ta riƙa jan ta kaɗan. Ana gab da gama ɗaurin dawa na je Dugabau, muna zaune da surukina a ƙofar gida, sai wani ɗan akuya ya fizge igiya ya fito a guje. Sai ga ta a bayansa, da gudu, tana yi masa tsawa, har suka sha kwanar rumbu. Na bi ƙafar hagun da kallo ban ga bambanci ba. Surukina ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam, kalle ta da kyau, ba na ganinka."