Inna Tambaya da Kanwar Kucheri

A Nahuce ta ƙasar Bungudu aka haifi Inna Tambaya, amma ni a Jidda na san ta, a shekarar 1997, lokacin tana da shekara ashirin da uku a can. Ni tela ne mutumin Tsafe, sunana Sama'ila. Umra muka je da matata Shafa'atu, muka ƙi dawowa. Na samu keken ɗinki a shagon wani mutumin Gusau, ina ɗinka jallabiya bakwai a yini, takwas idan zare bai yi mini gardama ba. Ba mu da igama, wato takardar izinin zama, kuma wanda ba shi da ita yana gudun duk ƙofar da ake tambayar suna. Ƙofar asibiti ce ta farko a cikinsu.

Shi ya sa duk Bazamfaren da ke unguwarmu, idan jiki ya ƙi, wajen Inna Tambaya yake nufa. Ba likita ba ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Aikin Hajji ta zo da mijinta Jibo a 1974. Bayan saukowa daga Arfa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu a gadon asibiti tana tsaye a kansa, likita yana yi mata tambayoyi da Larabci tana kallon bakinsa. Ta taɓa gaya mini cewa har yau ba ta san abin da aka tambaye ta ba, kuma wannan ne ya hana ta komawa gida. Ta nemi aikin shara a wani asibiti, ta yi shekara goma sha ɗaya tana goge daɓe da kunnenta a buɗe. Da ƙarfi ya fara raguwa ta bar aikin, ta koma sayar da soyayyar gyaɗa a bakin masallacin unguwa, da Larabcin likitoci cike da bakinta.

Ta san ƙaramin asibitin da ke duba yara ba tare da an tone mutum ba. Ta san wani Basudane mai shagon magani da ke jin Hausa, ta san ranar da likitan ido yake zama. Idan ta raka mutum aka ba shi magani, sai ta ɗaure kwalin da zare: ja na safe, baƙi na dare, yawan ƙulli yawan ƙwaya. Kullum tana faɗa mana mu sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, don ranar Jidda ba ta Bungudu ba ce, kada mu sha ragowar maganin wani, kada mu yarda a yi mana allura a ɗaki. Akwai watan da na sa ido daga bakin shago, na ƙirga mutum goma sha tara da ta bar farantin gyaɗarta ta raka.

Da cikin Shafa'atu ya tsufa, labari ya kai Kucheri wajen mahaifiyarta. Alhazan 1998 suna sauka, wani maƙwabcinsu mai suna Yusha'u ya nemo ni da saƙo: jar kanwa mudu biyu a ɗan buhu, da kaset guda. A kaset ɗin surukata ta gaida kowa, sannan ta shiga karanta wa 'yarta dokokin jego. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kunun kanwa kullum, ba fita. Ta ce sanyi ne babban abokin gaban mai jego, kuma idan aka ga ƙafa ta kumbura to sanyi ne ya shiga, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Shafa'atu ta ji kaset ɗin nan ya fi sau goma, wani lokaci don muryar kawai.

Inna Tambaya ce ta karɓi haihuwar, a watan Mayu, aka samu mace muka sa mata Bara'atu. Ranar suna ta ja ni gefe ta ce ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuwa kada ta shiga ɗakin. Na ce to. Buhun yana ƙarƙashin gado a lokacin, ni na tura shi can da ƙafata, don ban ga yadda zan ɗora maganar wata a kan ta surukata ba. Washegari Inna ta wuce Madina jinyar wani tsoho ɗan Bungudu da aka yi wa aiki.

Muka bi kaset. Ni nake ɗora tukunya a kan gas kafin in tafi shago, ni nake dama kunu, kofi biyu a rana. Rana ta goma sha takwas da haihuwa ƙafafun Shafa'atu suka kumbura. Muka ce ga sanyin nan ya shigo, na mayar da kunu kofi huɗu, na rufe taga, na kashe fanka, a cikin zafin da ko bango ba ya taɓuwa. Banɗakin gidan a ƙasa yake, matakala arba'in da uku daga ɗakinmu. Da tana hawa ba tsayawa. Ta koma hutawa a ta talatin, ta koma ta ashirin, har ta kai ba ta wuce takwas sai ta dafa bango. Kwanciya ta gagare ta, sai zaune da matashi uku a baya, ga tari. Duk ina lura, duk ina ƙirgawa, amma abin da nake gani shi ne sanyi ya yi ƙarfi.

Rana ta ashirin da shida, da hantsi, Inna Tambaya ta dawo. Ko gida ba ta biya ba, da jakarta ta hawo. Tana tura ƙofa zafi ya buge ta.

"Tela," ta ce, "gidan burodi kunka buɗe ban sani ba?"

Na fara dariya, sai na ga ita ba ta yi. Ta buɗe taga, ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Shafa'atu a cinyarta, ta danna ƙwauri da babban yatsa, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin kamar an danna ƙullu. Ta ce in ƙirga. Sai da na kai hamsin da biyu kafin ya cike. Ta dubi jijiyar wuyanta, ta kara kunne a bayanta, sannan ta ɗauki kofin da ke gefen gado ta shinshina.

"Ina kunka ɓoye ta?"

Na durƙusa na jawo buhun. Abin da ya rage bai kai mudu ɗaya ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan ba sanyi ba ne, ruwa ne ya taru, zuciya ta gaji, kuma yanzu za a tafi asibiti. Shafa'atu ta girgiza kai. Tana magana tana tsayawa neman numfashi, ta ce saura kwana goma sha huɗu ta yi arba'in, mai jego ba ta fita, mahaifiyarta ta riga ta faɗi maganin kumburi, kuma idan aka je asibiti kama mu za a yi.

Inna ta ce a sa mata kaset ɗin. Na sa. Ta sunkuyar da kai ta saurara daga farko har ƙarshe, har tana amsa gaisuwar surukata kamar tana zaune a gabanta. Da ya ƙare ta kama hannun Shafa'atu.

"Ɗiyata, uwarki son ki take, kuma abin da ta sani ta faɗi. Amma ba ta ga ƙafar ga ba. Ni na gan ta."

Daga nan ta ba mu labarin da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce ita ma da hannunta ta dama wa mata kunun kanwa a Jidda shekara da shekaru. Akwai wata yarinya Ma'u, 'yar garinsu, da ta kumbura haka, ta yi ta ƙara mata kanwa, ta rasu ranar talatin da ɗaya. Bayan wata biyu tana share wani ɗaki a asibiti ta ji likita yana yi wa ɗalibai bayani a kan wata mai jego mai irin ciwon, ta tsaya da tsintsiya a hannu har ya gama. Ta ce tun ranar ba ta sake taɓa kanwa ba.

"In an kama ku, jirgi za a sa ku, ku sauka gida da ranku," ta ce. "In kun zauna, a ɗakin ga za mu wanke ta. Zaɓi ɗaya, tela."

Shafa'atu ce ta zaɓa. Ta miƙa wa Inna jaririyar, ta ce in ɗauko mayafinta. Ni da wani maƙwabci muka sauko da ita a kan kujera. Inna ta goya Bara'atu, ta ƙulle dunƙulen kanwa a bakin gyalenta, ta ɗauki kofin kunun da ragowarsa. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ba ta kai mara lafiya asibiti sai da abin da ya ci.

A ƙofar wani babban asibiti mai rubuta suna ya nemi takarda. Sau uku yana ce mana mu koma gefe. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba. Ta yaye zanin Shafa'atu zuwa gwiwa, ta danna ƙwaurin a gabansa, ta nuna masa ramin, tana yi masa Larabci a hankali kamar mai ba jikanta labari. Wata ma'aikaciyar jinya da ta san ta tun zamanin shara ta leƙo, ta dubi ƙafar, ta ruga ta turo keken marasa lafiya.

Likitan bai taɓa ganin kanwa ba. Inna ta kwance ƙullin ta ajiye masa a kan tebur, ta tura masa kofin. Ya juya dunƙulen, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya yamutsa fuska. Ya tambayi nawa take sha, tun yaushe. Inna ta juyo ta dube ni.

"To, mai ƙirga, yau ranarka ce. Faɗi."

Na zazzage masa komai: kofi biyu har kwana goma sha bakwai, huɗu bayan nan, wanka biyu kullum, matakala talatin, ashirin, takwas, matashi uku. Tana juyawa da Larabci, yana rubutawa. Ina kallon tsohuwar nan mai sayar da gyaɗa, da goyo a baya da silifas ɗin roba, likita ya ajiye alƙalami yana tambayarta tana amsawa, har tana nuna masa wuyan Shafa'atu da yatsa yana gyaɗa kai. Na tuna cewa ita ce ta taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki ba ta gane ko kalma ɗaya ba.

Bayanin da ta juyo mana shi ne zuciyar ta buɗe ta yi rauni bayan haihuwa, gishirin kanwa yana riƙe ruwa a jiki, zafin wankan yana ƙara mata aiki, kuma ruwan ya fara shiga huhu. Aka sa wa Shafa'atu iskar numfashi, aka yi mata allurar fitar da ruwa. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance. Ta shiga da nauyin kilo saba'in da biyu, ta fito da sittin da uku. Duk kwanakin nan farantin gyaɗa yana kife, Inna ce ke riƙe da Bara'atu, tana kawo ta shan nono tana mayarwa. Har muka fito babu wanda ya sake tambayar mu takarda.

A gida Inna ta ɗaure kwalayen magani huɗu da zarenta, ta hana gishiri a miya, ta ce in manta da maganar ƙanin Bara'atu sai likita ya yarda. Sannan ta ce mu tattara mu koma gida. Na ce ɗinki yana tafiya. Ta ce mai ciwon zuciya tana bukatar likita duk wata, da kati mai sunanta, ba raɓe-raɓe a bayan tsohuwa ba. Ta juya kaset ɗin surukata ta yi magana a bayansa, ta hana ni saurare. Ban san abin da ta faɗa ba. Na dai san da muka kai shi Kucheri surukata ta shiga ɗaki ita kaɗai ta ji, ta fito ido jawur, ta tambayi irin miyar da aka yarda 'yarta ta sha.

Na roƙi Inna ta biyo mu. Ta ce akwai mata biyu da ke jiran haihuwa, da wani mai ciwon suga da ba ya jin magana.

A watan Fabrairu na 1999 likita a Gusau ya ɗauki hoton ƙirjin Shafa'atu, ya ɗora shi kusa da wanda muka zo da shi daga Jidda. Ya ce zuciyar ta kusa komawa daidai, ya rage ƙwayoyin daga huɗu zuwa ɗaya. Satin nan muka shiga mota zuwa Nahuce don mu gaida ƙanin Inna, Malam Attahiru, wanda duk abin da ya sani shi ne yayarsa tana sayar da gyaɗa a ƙasa mai tsarki. Mota ta ajiye mu a bakin titi, aka nuna mana gidan can bayan gonaki. Na ɗaga hannu zan tsayar da babur. Shafa'atu ta sauke mini hannun, ta gyara goyon Bara'atu, ta shige gaba, ina bin ta da ƙullin dabino.