Ƙarambau Ɗin da Ya Biyo Inna Tun Daga Ruga

Shekarun baya, ana tsakiyar yankan gero a Mainika, wasu ƙuraje masu ruwa suka feso wa mahaifiyata a haƙarƙarin hagu, a jere, ɓari guda kawai. Ko zani ya gogi wurin sai ta ce wayyo. Lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya a firamare ba, ina jin kaina rabin likita. Na leƙa na ce, "Inna, ƙwaro ne ya yi miki fitsari." Kwana huɗu ina shafa mata man kaɗanya, abu sai gaba yake yi.

Ranar da ta kasa ɗaga ƙwaryar nono, na goya ta a babur zuwa asibiti a Gwarzo. Likitan ya gaishe ta, ya duba, ya ce, "Inna, kin taɓa yin ƙarambau?"

"Ɗan nan, ai tun muna ruga wajen Garo. Ko famfara ban yi ba."

"To shi ne ya dawo."

Ya ce ƙwayar cutar ba ta barin jiki. Takan laɓe a tushen jijiya, ta kashe kusan duk ƙwayoyin halittar kanta kamar yadda ake kashe fitila, ta bar 'yan kaɗan suna gadi, har sojojin jiki su daina ganinta. In tsufa ko wahala suka raunana mutum, sai ta kunna su, ta biyo jijiyar ta fito fata.

Inna ta riƙe haɓa. "Duk shekarun nan yana cin tuwona, ko sallama babu?"

Likitan ya yi dariya, sannan ya juyo gare ni. "Malam, da kun zo da wuri, da maganin ya fi kamawa." Na sunkuyar da kai. Ƙurajen sun bushe, amma zugin ya kai ta har bazara, kuma ba ta taɓa goranta mini ba.

A hanyar komawa ta soma ba ni labarin kakata, wadda ban taso na tarar ba: yadda ta goya ta lokacin ƙarambau ɗin, tana tatsa tana yi mata waƙa da Fulatanci. Ta rera mini baiti biyu. Ban taɓa jin ta yi waƙa ba sai ran nan.

Yau Inna ba ta duniya, Allah ya jiƙanta. Na daina rabin likitanci tuntuni. Amma har gobe in na bi hanyar nan a babur, nakan rage gudu daidai inda ta fara waƙar.