Inna Mai Madubi, Wadda Ta Hana Mu Gudu Bayan Ɗinkin Leɓe

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin nan na ƙarshen barandar asibiti, wanda ke manne da ma'ajiyar tsintsiya da bokitai. Benci biyu ne a ciki, da sikelin awon jarirai, da fankar da ta daina juyawa tun zamanin da ba a tuna ba. Shekara talatin da ɗaya nas ɗin nan ta yi a wurin tana karɓar yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe da tsagaggiyar ganɗa, wato rufin baki. Ana kiranta Inna Mai Madubi saboda ɗan madubin da take kara wa yaro a ƙasan hanci, ta ce ya ce "baba". In madubin ya yi hazo, iska na gudu ta hanci ke nan, da sauran aiki.

Ni dai da haushi na ɗauki alƙalamin nan. Likita ya ɗinke leɓe cikin awa guda, a ɗauki hoto, a tafa masa. Ya cancanta, ban musa ba. To amma wa ya raya jaririn har ya kai nauyin da za a iya yi masa aikin? Jaririn da ba ya iya tsotso, nono na dawo masa ta hanci, uwa na kuka yana kuka. Inna ce za ta zaunar da uwar ta ce, "Share hawayenki 'yata, kuka ba ya ƙara kilo. Tatso nonon, miƙar da shi zaune, ɗigo-ɗigo da cokali." Mai sharar barandar ta shaida mini akwai jariran da Inna ta yi wata uku tana aunawa duk mako, tana faɗa da iyayensu kamar ita ta haife su.

Ni ma na sha wannan faɗan. 'Yata ta fari haka aka haife ta. Da aka ɗinke leɓen tana wata shida, ta fito fes, dangin da suke kau da kai suka fara rige-rigen ɗaukarta. Inna ta ce mu dawo a rufe ganɗar kafin ta fara magana. Na ce to, na shafe zancen. Abin da ido ba ya gani, ai ba ya hana barci.

Bayan shekara biyu ina cikin aji ina koyarwa, sai ga ta a bakin ƙofa, tana haki.

"Malam, fito."

"Inna, lafiya?"

"Ina lafiya? Kana nan kana koya wa 'ya'yan mutane magana, taka tana gida ba ta iya cewa ruwa. Leɓen ka gyara don idon maƙwabta. Ita fa, me ka gyara mata?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da sati ya zagayo muna asibiti.

An yi aikin, amma an makara, yarinyar ta riga ta saba fitar da magana ta hanci. Shekara biyu cur, duk Talata, Inna na durƙushe gabanta suna ta nanata "ka" da "ta". Ita ce ta lura yarinyar ba ta juyowa in an kira ta daga baya, ta tura mu aka duba kunne, aka samu ruwa ya taru. Yau 'yata ta girma, tana tsaye a kanti tana amsa wa masu sayen magani. In ta gaji, har yanzu ana jin ɗan hanci-hanci a muryarta, kuma laifina ne, ba na Inna ba.

Ke ce mai bin sawu inda kowa ya juya baya, Inna. Ba duka kika ci nasara ba. Kin faɗa mini akwai waɗanda kika bi har gida kika tarar sun tashi, akwai wanda ya dawo yana ɗan shekara goma sha biyar, ya bar makaranta saboda dariyar yara. Har yau in kin ambace shi muryarki sauyawa take.

Makon jiya aka yi mata liyafar ritaya. Shugaban asibitin ya yi jawabin rabin awa, sau biyu yana kuskuren sunanta, sannan ya miƙa mata agogon bango. Agogo, ga matar da ba ta taɓa makara ba! Na tambayi wa zai gaje ta, aka ce ana dubawa. Na tambayi ɗakin, aka ce za a zuba tsofaffin fayil a ciki. Ita ma ta ƙara mini haushi: ana tsakiyar yabonta aka raɗa mata an kawo jaririya 'yar kwana biyu da ta kasa tsotso, ta aje agogon kan kujera ta fice. Muka zauna muna tafa wa kujera.

Na gode, Inna. Allah ya saka, ya ba ki lafiya. Ku kuma matasan nas-nas, tana raye, gidanta ba nisa, ku je ku kwashi abin da ke kanta tun kafin ku zo kuna cewa da mun sani.

Da na ce mata zan rubuta wannan, ta harare ni.

"Malam, kai dai ba ka rabuwa da shirme. Yabona zai rufe ganɗar wa? In rubutu kake ji, rubuta wa iyaye cewa ɗinkin leɓe rabin aiki ne, su dawo."

To, iyaye, kun ji. Ku dawo.