Ƙosai a Takardar Faransanci

Ni mace ce mai karanta takardar da aka ƙunso mini ƙosai a ciki, ko da mai ya jiƙa ta. Wata safiya ina jiran motar Abuja a Suleja, na warware ƙunshina sai na ga Faransanci. Nan take na tuna da wani, domin mutum ɗaya na sani a garin nan mai irin waɗannan littattafai.

Wani dattijo ne ɗan Filato, tsohon malamin Faransanci, wanda bayan ritaya ya kafa teburin littattafai a bakin babbar kasuwa. Baba nake ce masa. A cikin kayansa akwai wani tsohon littafi mai jan bango, tarihin wani Bafaranshe na zamanin da, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da littattafai, har da tsufansa aka damƙa masa makullin wani babban ɗakin karatu. Faransancina na kwaleji ya yi tsatsa, saboda haka duk Asabar nakan tsaya a gaban teburin in lallaɓa shafi biyu ko uku, in sa tsinken tsintsiya inda na tsaya. Na nemi ya sayar mini, ya ƙi. Ya ce in na tafi da shi gida ba zai sake ganin ƙeyata ba.

To, aiki ya sha kaina, na yi watanni ban leƙa ba. Ga shi yanzu ina riƙe da shafin Faransanci yana ɗigar mai.

"Mama, ina kika samo takardar nan?" na tambayi mai ƙosan.

"Ta tsohon nan ce mai littattafai. Ai ya tashi. Buhu guda aka kawo mini."

Ban hau motar ba. Na je bakin kasuwa, na tarar da mai sayar da cajar waya a gurbinsa. Na tsorata ƙwarai, don a zatona Baba ya rasu, magada sun rabar da kayansa ga masu suya. Mai cajar ya ce bai san komai ba, sai dai ya ji ana cewa a nemi tsohon a wata makaranta ta wajen Bagama. Na tari keke napep, ina addu'a a hanya, ƙosan na hannuna ya huce.

A can na same shi da ransa, har da sabuwar riga, yana jera littattafai a kanta. Makarantar ce ta ɗauke shi ya riƙe mata ɗakin karatu, ya kwaso kayansa duka. Na nuna masa takardar.

"Waɗanda ruwan sama ya lalata ne, 'yata," ya ce. "Su ma ai gara su yi wani amfani."

"Baba, mai jan bangon fa?"

"Wato shi kika zo gaisarwa, ba ni ba."

Na yi dariya har da ƙwalla, don sai a lokacin hankalina ya kwanta. Ya miƙa hannu can sama ya sauko da littafin. Tsinkena yana nan inda na bar shi, daidai babin da za a ba Bafaranshen makulli. Na buɗe a tsaye kamar yadda na saba. Baba ya jawo wata kujera da ƙafarsa.

"Zauna ki ƙarasa," ya ce. "Yanzu muna da kujera."