Ranar da Kawu Ya Duba Makwancin Mota

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi na karɓi lasin tuƙi. A lokacin ni malamin sikeli ne a wajen wani mai sayen gyaɗa a Potiskum, aikin da na samu don na gama elemantare kuma rubutuna yana karantuwa. Direbobin manyan motocin da ke zuwa ɗaukar buhuna su suka koya mini tuƙi a filin bayan sito. Suna yi mini dariya, domin kafin in ja mota sai na sauka na zagaya ta na leƙa ƙarƙashi, ko akuya ta shiga. Haka Allah ya yi ni.

Niyyata in sayi kitika, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, in riƙa kai 'yan kasuwa da kayansu Nangere da ƙauyukan gefenta. Sabuwa ba ta irina ba ce. Ta hannu ma sai da aka sayar da shanun da mahaifinmu ya bar mana, ni da yayata. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma rabonta na shanun nan shi ne iyakar abin da ta mallaka. Ita da kanta ta ce a haɗa da nata.

Na ce, "Yaya, in motar ta mutu fa?"

Ta ce, "Saniya ba ta mutuwa ne?"

"Saniya tana haihuwa kafin ta mutu."

"To, ka sayo mai haihuwa. Tashi ka ba ni wuri, daka zan yi."

Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Kitika biyu ce ta sayarwa a garin. Ɗaya tana unguwar Yerimaram, ta wani tsohon direba da ya koyi tuƙi a soja, idonsa ya fara rauni. Fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya da igiya aka ɗaure ta, kuma sai an wana ƙarfe a gabanta take tashi. Tana da araha. Ɗayar koriya ce shar, tana unguwar Hausari, ta wani Alhaji Babarbare mai fataucin bandar kifi. Kuɗinta zai cinye duk abin da ke hannuna.

Da la'asar na je ganin koriyar. An wanke ta, direban Alhaji bai daɗe da dawowa da ita ba. Ina taɓa ta ta tashi. Na kai ta ƙarshen layi na dawo, mutanen da ke zaune a ƙofar shaguna suna bi na da kallo. Ban taɓa jin irin wannan daɗin ba, shi ne bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda wannan ba za ta wuce ni ba."

Alhaji ya kama hannuna da hannayensa biyu ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana. Daga yau na daina nuna wa kowa."

Sai da na kama hanyar gida na tuna na ji wani ƙauri lokacin da nake juyowa, kamar mai yana ƙonewa. Na yi ta juya maganar da na faɗa. Alkawari ce ko ba alkawari ba? Ko kwabo ban bayar ba, kuma na ce in Allah ya yarda. Amma dattijo ya riƙe hannuna, kuma ya daina neman mai saye saboda ni. In na janye na zama ƙaramin mutum. In na saya ta lalace, na jefa abincin marayu a rijiya. Kwana biyu ina auna gyaɗa ina kuskure. Da Yaya ta ga haka sai ta aika a kira Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, Bafillace, dillalin shanu a kara. Shi ya sayar mana da namu. Sau ɗaya ya taɓa shiga mota a rayuwarsa, ya kuma rantse bai ƙarawa. Ya zauna a zaure, sandarsa a kan cinya, ya saurare ni har na gama.

"Yaushe ka gan shi?" Kawu bai taɓa ce wa mota ita ba.

"Da la'asar, Kawu."

"An yi masa wanka?"

"An yi."

Ya girgiza kai. "Ɗan boko, me ake koya muku a makarantar nan? Wa yake sayen bijimi da la'asar? Lokacin an ba shi kanwa, ya sha ruwa cikinsa ya cika, an goge masa jiki. A makwancinsa ake ganin sa, da sassafe, kafin mai shi ya tashe shi. Ka ga abin da ya zubar, ka ga yadda yake miƙewa."

"Kawu, wannan mota ce."

"Yana shan ruwa?"

"Tana sha."

"Yana kwana?"

Na buɗe baki zan yi gardama, sai ya miƙe da sandarsa.

"To, gobe ka same ni a masallaci."

Ana idar da sallar asuba muka nufi Yerimaram. Kawu bai ko kalli fenti ba. Ya durƙusa ya duba ƙasan da motar ta kwana a kai. Busasshiya ce, sai ɗigo biyu ko uku. Tsohon direban ya fito da buta a hannu, ya ajiye, ya wana ƙarfen sau biyu. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Kawu ya ɗora tafinsa a jikinta ya daɗe yana saurare. Ba mu tambayi tsohon komai ba, shi ya fara.

"Birkinta sai ka taka sau biyu. Ba ta son hawa, ka ba ta giya tun daga ƙasa. Lagiretonta kuwa kullum ka duba ruwa, in ka manta ta tuna maka. Ban da wannan, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba."

Kawu ya yi masa sallama muka wuce Hausari.

Koriyar tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Alhaji. Ƙarƙashinta an zuba sabon yashi fari tas, har da sawun tsintsiya. Ni sai na ga tsabta ce. Kawu ya sa bakin sandarsa ya tone kaɗan. Yashin da ya fito baƙi ƙirin ne, a jiƙe da mai. Ya matsa gaba ya sake tonewa, haka. Daidai nan Alhaji ya fito daga zaure da tasbaha a hannu. Na ji kamar in shige cikin ramin da Kawu ya tone.

Abin da ya cece mu shi ne wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ba a fushi.

Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Bawana, ka kwana lafiya? Yaushe Barebari suka koyi halin kyanwa, a yi a rufe da ƙasa?"

Alhaji ya juya wajen zaure ya ce, "Ku ɓoye ƙwaryar nono, ga Bafillace ya shigo gari da sassafe! Kai me ka sani a mota, mutumin da ya girma a bayan saniya?"

"Na san sa mai zawo. Tashe shi mu gani."

Alhaji ya miƙo mini makulli yana dariya. Na murɗa, ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake, haka. Sai da maƙwabta biyu da ke dawowa daga masallaci suka tura ta sannan ta tashi, hayaƙi shuɗi ya cika layin. Kafin hayaƙin ya washe dariyar Alhaji ta ƙare.

Ya ce, "Yashin nan saboda kaji ne. Suna shiga su taka man, su kai mini cikin gida."

Kawu ya ce, "Kajin Barebari da son tsabta."

Kawu ya buɗe mini hanyar fita ke nan, da na yi shiru da mun tafi ana raha. Amma ban iya ba. Na sauko na durƙusa na ce, "Baba, na riga na yi magana rannan. In ka riƙe ni a kanta, zan cika." Kawu ya zungure ni da sanda. Na ci gaba, "Sai dai kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba. Da na marayu a ciki."

"Marayun wa?"

Na gaya masa. Ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, ruwa ne ya doki bandarsa a hanya, lodi guda ya ruɓe. Makanike ya ce sai an kai motar Jos an buɗe injin, shi kuwa ba shi da halin hakan yanzu. Sannan ya ɗago ya harari Kawu.

"Kai Bafillace, kwashe ɗanka ku bar mini ƙofar gida. Ni ban ji ya ce komai ba rannan. In ma ya ce, na warware."

A hanya Kawu ya ce mini, "An kwance maka igiya, kai kana mayar da wuyanka."

A makon na sayi tsohuwar. Da abin da ya rage na canza taya biyu, na sa aka gyara ƙofar. Duk abin da tsohon direban ya faɗa haka na same shi, ba ƙari ba ragi. Kafin damina ta biyu ta wuce na saya wa Yaya karsana biyu, Kawu ya kai su garke. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Koriyar kuwa ta zauna a ƙarƙashin darbejiyar nan har tayoyinta suka sace. Wata da watanni ina kauce wa layin, ina ganin kamar ni na kashe ta. Har yau ban sani ba ko yashin na kaji ne da gaske. Nakan ce na kaji ne, domin mutumin da ya sake ni yana cikin wannan hali ban ga dalilin da zan ƙaryata shi ba.

Wata ranar kasuwar Nangere na hango shi a bakin hanya da kwando biyu na banda, yana jiran mota. Na taka birki sau biyu na tsaya. Na roƙi wanda ke gaba ya koma baya, Alhaji ya shiga ya zauna kusa da ni. Ya ciro kuɗin mota, na ce Allah ya kiyaye. Bai yi gardama ba, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Da muka yi nisa sai ya leƙa ta taga ya ce, "Ɗana, taka mana. Ga mai jaki can zai wuce mu."

Na ce, "Baba, a bar shi ya wuce."

Ya wuce ɗin kuwa. Mun isa kasuwa ta fara cika, na taya shi sauke kwandunan.