Finjali Ɗaya a Ajin Torziyem

Har gobe ban mance da Larabar da na hura gawayi a cikin aji ba. Ku matasan malamai kuna yawan tambayata yadda aka yi takardar gargaɗi ta shiga dosiyena, wato fayil ɗin aikina, ni da ba a san ni da hayaniya ba. To ga yadda abin ya kasance.

A lokacin ina koyar da tarihi a wani kolej na nan Agadas, ajin torziyem, wato ajin da yara ke zaman jarrabawar birebe a ƙarshensa. An bar wa malami darasi guda da zai zaɓi wani mutumin yankinsa da ya tsaya wa haƙƙin jama'a. Ni na zaɓi marigayi Malam Bube Mai Finjali, Allah ya jiƙansa.

Malam Bube ɗan maƙeran azurfa ne na tsohon gari. Ya yi karatun allo, ya shiga littattafai, ya zama mai tsara waƙa da ajami. A zamaninsa akwai gidajen da in maƙeri ko jikan bawa ya zo, to finjalinsa na shayi daban ne, ana ajiye shi can gefe. Ko an wanke shi, mai gida ba ya kai shi baki. Malam ya tsara waƙoƙi yana tuna wa mutane cewa a masallaci sahu ɗaya suke bi, kuma ƙasa ɗaya za ta rufe su. Da ya ga waƙa ba ta isa ba, sai ya ɗauki butarsa da finjali guda ya zauna bakin kasuwa, duk wanda ya zo wucewa ya miƙa masa. An fasa finjalin, ya sayi wani. Daga baya aka kai ƙararsa cewa yana tada fitina, aka tsare shi a can Kawar, ya dawo da ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa. Ni waƙoƙinsa a bakin malamina na zaure na koye su, na kuma rubuta da hannuna tun ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko.

Ranar farko na yi darasin yadda muka saba. Na rubuta rayuwarsa a allo, yara suka kwafa. Wani ya ɗaga hannu ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ya ce, "Mushe, wannan zai fito a birebe?" Na ce ban sani ba. Rabin ajin suka ajiye biro.

Da aka fita hutu na tsaya bakin ƙofa, inda randarmu ta ruwa take. Moɗa biyu ne a kan murfin, ɗaya shuɗiya, ɗaya ta ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Kullum ina ganinsu, ban taɓa sa hankali ba sai ran nan. Na ga Tima, ƴar wani maƙeri, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta tsallake shuɗiyar da ke kusa da hannunta ta ɗauki ta ƙarfen. Ba wanda ya hana ta, ba dokar da aka rubuta. Kowane yaro dai ya san tasa. Nan na gane cewa abin da na rubuta a allo a matsayin tarihi yana zaune a bakin ƙofata.

Da suka dawo na ce musu Laraba mai zuwa za mu yi darasin yadda Malam ya yi: zan kawo buta da finjali ɗaya, wanda ya ga dama ya sha, ba tilas.

Kafin Litinin magana ta kai kunnen Alhaji Bukar, mai motocin da ke kai kaya Dirku da Jado, shi ne kuma shugaban kwamitin iyaye. Ɗansa Kalla yana ajina. Diraktarmu, Madam Hadiza, ta kira ni ofishinta.

"Mushe Idi, ka san abin da kake tonowa?"

Na ce, "Madam, darasi ne, kuma ke kika sa hannu a kan tsarina."

"Na sa hannu a kan mawaƙi, ban sa a kan shayi ba. Alhaji ya ce zai zo da kansa. In bai ji daɗi ba, zai kai ƙara wajen sufeton makarantu."

Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙarar kwamitin iyaye ba ta korar malami, amma tana jawo masa afektasiyon, wato a sauya masa wurin aiki. A shekarar kuwa kowa ya san akwai gurbi a Segedin, can tsakiyar hamada, da aka rasa mai zuwa. Ni ga mahaifiyata a gida, idanunta sun tafi, ba ta da kowa sai ni da iyalina, kuma ba za ta iya hanyar hamada ba. Madam ta san haka. Ta ce in na fasa, ba wanda zai zarge ni.

Na gaya wa tsohuwa bayan sallar Magariba. Ta ce, "Ka riga ka gaya wa yaran?" Na ce e. Ta ce, "To me kake tambayata? Ka dai zuba sukari da kyau, kada ka ba mu kunya."

Ran Laraba darasina ne na ƙarshe kafin azahar. Na kawo furno, ɗan murhun nan na waya, na hura gawayi kusa da taga. Alhaji Bukar ya shigo da rawaninsa, Madam na biye, suka zauna a bencin baya. Ya amsa sallamata a taƙaice.

Kafin shayi ya nuna na rera musu ɗaya daga waƙoƙin, da muryar da malamina yake rera ta. Da farko wasu sun soma dariyar jin Mushe yana waƙa. Da na kai baitin da Malam ke tambayar ko mala'ikun kabari za su nemi sanin sana'ar kakan mutum, sai dariyar ta ɗauke.

Na yi bismilla na sha na fari. Na ɗauraye finjalin da ruwan zafi, na zuba kaɗan, na ce kowa in ya sha ya ɗauraye ya zuba wa na kusa da shi. Layin farko ya wuce lafiya, ana ta ƴan dariya. A layi na biyu ya iso hannun Tima. Ta sha, ta ɗauraye, ta zuba, ta juya. Na kusa da ita Kalla ne. Allah ya sani ban shirya haka ba, wurin zamansu ke nan tun farkon shekara.

Kalla ya dubi finjalin, ya waiwaya ya dubi mahaifinsa. Hannun yarinyar yana miƙe. Ni kuwa Segedin kawai nake gani a gabana.

Tima ta ce a hankali, "Kalla, in ba ka sha ka faɗa. Yana ƙona mini yatsu."

Sai na ji benci ya motsa a baya. Alhaji ya taso, ya ratso tsakanin tebura har gabansu. Na ɗauka hannun ɗansa zai kama su fita.

Ya dube ni ya ce, "Mushe, a lakwal ɗinku yaro ke shan shayi ubansa na zaune?"

Ya sa hannu ya karɓi finjalin daga hannun Tima. Ya riƙe shi ɗan lokaci, ya yi bismilla, ya shanye. Ya yamutsa fuska.

"Wa ya koya maka dafa shayi? Wannan ai zuma ce." Ya miƙa wa yarinyar. "Ƴata, zuba wa wannan ragon."

Kalla ya sha, aji ya ɗauki dariya, har Madam. Kuma kun san al'adarmu, wanda ya sha shayin dahuwar fari ba ya tashi sai an sauke ta uku. Haka Alhaji ya zauna har aka kira azahar, yana gyara mini yadda ake ɗaga buta don kumfa ta tashi.

A waje ya ja ni gefe. Ya ce, "Mahaifina yana cikin waɗanda suka fasa finjalin mutumin nan, kuma ni ban zo don in sha ba. Amma ba zan zauna ina kallo a bar ƴar mutane da hannu a miƙe a gaban ɗana ba. Kada ka ɗauka ka ci ni da waƙa." Na ce ban ɗauka ba, Alhaji. Ya ce, "Batun wuta a cikin aji kuwa, wannan sai na faɗa. Da ta kama fa?"

Ya kuwa faɗa. Sufeto ya rubuto mini gargaɗi kan hura gawayi a ginin gwamnati, kuma da gaskiyarsa. Batun Segedin bai sake tasowa ba. Tsohuwata ta cika a ɗakinta, kanta a kan cinyata, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, yaro zai kwafe rayuwar mutumin kirki tsaf ya ci jarrabawa, ya fito ya ɗauki moɗar da ya saba. Sai an sa abin a hannunsa. Na kuma koyi kada in yanke wa uba hukunci tun bai buɗe baki ba, domin kunyar da ke cikin mutanenmu wani lokaci ta fi darasinmu aiki.

Bayan kwana kaɗan na duba kan randa, na tarar moɗar ƙarfen ba ta nan. Mai gadi ya zo yana tambaya ko a sayo wata. Na ce masa ya bari, guda ta ishe mu.